Noma ba ƙasa a cikin ɗaki: wane tsarin ruwa, wace fitila?

Wanda ya ƙuduri aniyar shuka ganye ko kayan lambu a cikin ɗaki ba tare da ƙasa ba, shawara biyu ce a gabansa. Ta farko, ta wace hanya ruwa da taki za su riƙa isa ga saiwa. Ta biyu, wace fitila ce za ta tsaya a madadin rana. Masu farawa sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan ta farko, su sayi bututu da inji da tanki, sai ɗan abin da ya rage a aljihu su sayo fitila da shi. Kamata ya yi a juya lissafin. Tsarin ruwa shi ke yanke yawan hidimar da za ka yi kullum da irin asarar da za ta iya afka maka, amma nauyin abin da za ka girba a hannun haske yake. Latas ɗin da ke zaune a cikin robar da ko inji ba ta da shi, muddin ya sami isasshen haske, zai fi na cikin tsari mai tsada da aka rataya wa fitila maras ƙarfi.

Duk da haka da ruwan za mu fara, domin ta nan ne shuka kan mutu farat ɗaya. Ƙarancin haske ramar da ita yake yi a hankali.

Tun da William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fara yayata noman abinci a cikin ruwan taki a 1929, kafin ma sunan haidirofonik ya fito a 1937, matsalar guda ce: saiwa tana son ruwa, tana son taki, kuma tana numfashi. Ƙasa mai kyau tana da ƙofofin iska a tsakanin ƙwayoyinta. Shi kuwa ruwa, ɗan oksijin kaɗan yake iya riƙewa, kusan miligiram 9 a lita ɗaya in zafinsa digiri 20 ne, ya sauka zuwa wajen 7.5 a digiri 30, alhali da zafi ya ƙaru buƙatar saiwar ma ƙaruwa take yi. Duk wani tsari da za ka ji sunansa dabara ce ta shayar da saiwa ba tare da an shaƙe ta ba. Don haka tambayar da ta fi raba gardama wajen zaɓe ita ce: in inji ya tsaya, ko wuta ta ɗauke, ko tiyo ya toshe kana barci, awa nawa saiwar za ta jure?

Ruwa a tsaye, babu inji

Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ne ya daidaita wannan hanya, shi ya sa ake kiranta da sunansa. A sami roba mai murfi wadda haske ba ya ratsa ta, a huda murfin, a zura ɗan kofi mai raga-raga mai faɗin santimita 5, a sa tsiron a ciki. A zuba ruwan taki har ya haura gindin kofin da santimita 1 zuwa 2. Aikin ke nan. Shuka tana sha, ruwa yana sauka, saiwa tana bin sa ƙasa, sai wani sarari mai laima ya samu tsakanin murfi da fuskar ruwa. Saiwoyin da ke cikin wannan sarari su ne huhun shukar, na cikin ruwa kuma bakinta.

Kuskuren da ya fi kashe shuka a wannan tsari daga tausayi yake fitowa. Mutum ya ɗaga murfi, ya ga ruwa ya yi ƙasa, ya cika robar har baki. Saiwoyin sama da suka saba da iska su nutse, kwana ɗaya ko biyu ka ga ganye ya yi yaushi alhali gindinsa yana cikin ruwa tsundum. In ƙari ya zama dole, a ƙara kaɗan, kada a haura santimita 2 ko 3 bisa inda ruwan ya tsaya. Abin da ya fi shi ne a ba shukar ruwan da zai kai ta girbi tun ranar farko. Kan latas ɗaya yana cin kimanin lita 4 zuwa 6 daga dashe zuwa yanka, wato mako huɗu zuwa biyar. Roba mai faɗi mai cin lita 30 za ta riƙe kai shida, a bar santimita 20 tsakanin rami da rami.

Babu abin da zai lalace a nan, babu ƙara, ɗaukewar wuta ba ta shafi saiwa ba. Rauninsa uku ne. A ɗaki mai zafi shuka takan sha ruwa fiye da yadda take cin taki, sai ragowar ruwan ya yi ta kauri har ya fara ƙona gefen ganye, saboda haka a irin wannan wuri a fara da taki mai ɗan sauƙi. Ruwan da ba ya motsi kuma gidan sauro ne, dole murfi ya zauna daram, duk ramin da ba a shuka komai ba a toshe shi. Na uku, tsarin na shukar da ake girbe ta lokaci guda ne. Babban tumatir yana shan lita 1 zuwa 2 a yini, wani lokaci fiye, babu robar cikin ɗaki da za ta riƙe shi wata huɗu. Ana iya gyara wannan da bawul mai ƙwallo irin na tankin ruwa, wanda zai riƙe zurfin ruwan a wuri guda daga wani tanki na gefe, amma daga nan sauƙin da ya sa aka zaɓi tsarin ya fara raguwa.

Bokitin iska

Wannan shi ake kira DWC. Mazubin kusan iri ɗaya ne da na Kratky, bambancin shi ne ɗan injin hura iska irin na akwatin kifi, da tiyo, da dutsen kumfa a ƙasan ruwa. Tun da ana cusa oksijin ba ƙaƙƙautawa, ana iya barin ruwan a sama, a kuma riƙa ƙari yadda ake so. Shuka ta fi saurin girma a nan fiye da ruwa a tsaye, kuma bokiti mai lita 20 yana ɗaukar tumatir ɗaya ko tattasai ɗaya har ƙarshen rayuwarsa, in an tanadi igiya ko sandar da za ta tallafe shi, don ba ƙasar da saiwa za ta kama.

Ƙiyasin da aka saba bi shi ne lita 1 na iska a minti ga kowace lita 4 ta ruwa. In iskar ta fi haka babu laifi. Injin a ɗora shi sama da fuskar ruwa, ko a sa bawul mai hana komowa a jikin tiyon. In ba haka ba, da zarar ya tsaya ruwa na iya biyo tiyo ya shige cikinsa, ya zube a ƙasa kusa da wayar wuta.

Abokin gabar wannan tsari zafin ruwa ne. Tsakanin digiri 18 da 22 ake so. Da ya haura 24 ko 25 ya zauna a can, oksijin ya ragu, ƙwayar cutar da ake kira Pythium ta sami filin wasa. Lafiyayyar saiwa fara ce, tana da ƙarfi, ƙamshinta kamar na ɗanyen ganye. Wadda ta kamu takan yi ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta yi wari, in ka ja ta da yatsa fatar ta saɓule ta bar zare a tsakiya. A lura cewa injin iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa, in ɗakin ya yi zafi shi ma dumama ruwan yake yi. A naɗe bokiti da abu mai fari ko mai ƙyalli, kada hasken fitila ya bugi baƙin murfi kai tsaye.

In wuta ta ɗauke, ruwa mai sanyi yana ba da 'yan awoyi. Ruwa mai ɗumi da saiwa ta cika shi kuwa ba ya daɗewa oksijin ɗinsa ya ƙare. Dabarar ceto ita ce a kwashe ruwan har kashi ɗaya cikin uku na saiwar ya fito sarari, wato a mayar da bokitin na Kratky na ɗan lokaci. Wani alherin tsarin shi ne yawan ruwa: lita 20 ba ta sauya tsami ko kauri da sauri, mai koyo yana da lokacin ganin kuskurensa kafin ya yi ɓarna. A sauya ruwan gaba ɗaya duk bayan kwana 7 zuwa 14, a tsakani a riƙa ƙari.

Magudana mai siririn ruwa

Allen Cooper ne ya ɓullo da wannan tsari, wanda ake kira NFT, a wata cibiyar binciken lambu da ke Littlehampton a Ingila, a shekarun 1960. Shuke-shuke suna jere a kan doguwar magudana mai ɗan gangare, inji yana tura ruwa daga sama, ruwan yana kwarara siriri, milimita kaɗan, ya koma tanki. Ƙasan saiwa yana cikin ruwa, samanta yana cikin iska. Gangaren da ake so shi ne saukar santimita 1 a kowane santimita 30 zuwa 40, ruwan kuma lita 1 zuwa 2 a minti ga kowace magudana.

Shi ne tsarin da ya fi ɗaukar ido a hoto, shi ne kuma wanda muke yawan hana mai farawa. Amfaninsa gaskiya ne: ba shi da nauyi, ana iya jera shi hawa-hawa a kan kanta, girbi da dashe suna da sauƙi, ga mai noman latas da yawa a jere babu kamarsa. Amma ba ya yafe kuskure. Saiwar ba ta da wani abu mai riƙe laima a jikinta. Inji ya tsaya, fitila tana kunne, cikin awa ɗaya ko biyu ganye ya kwanta, in abin ya kai rabin yini an yi asarar jerin duka. Wanda ya zaɓe shi ya tanadi inji na biyu a ajiye, da batir ko wata hanyar da za ta riƙe injin in wuta ta yanke, da raga a bakin injin don tarkacen saiwa.

Masu haɗa nasu da zagayayyen bututun ruwa sukan gamu da matsalar da ba su zata ba. Zagayayyen ciki yana tara ruwa a tsakiya ya yi zurfi maimakon ya bazu, bututun kuma yakan lotsa tsakanin matokarai, ruwa ya kwanta a wurin, saiwar da ke nan ta ruɓe. Magudana mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ake buƙata, da matokari a kowace mita ko ƙasa da haka. Ƙaramin tsiro kuma kada a dasa shi sai saiwarsa ta leƙo ta ƙasan kofi, in ba haka ba ruwan zai yi ta wucewa a ƙarƙashinsa yana bushewa. Tumatir da kokwamba ba wurinsu ba ne in magudanar ƙarama ce: saiwarsu takan cika ta, ta datse ruwa, ya yi ambaliya ta ramukan sama.

Akwai kuma tsarin cika-da-janyewa, inda agogon kunnawa ke tayar da inji ya cika faranti da ruwa na kamar minti 15, sau da yawa a yini, sannan ruwan ya koma tanki yana jawo sabuwar iska cikin ƙwallayen gasasshen yumɓu da tukwanen ke cike da su. Yana da kyau ga mai son tukwane iri-iri a faranti ɗaya. Sai dai tankinsa babba ne, kuma in bututun rarar ruwa ya toshe, ɗakin ne zai sha.

Ɗigo a kan zaren kwakwa

Ga duk abin da ke yin fure ya ba da 'ya'ya, wannan ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. Tukunya mai lita 10 zuwa 15, a cika ta da zaren ɓawon kwakwa kashi 70 da falayit kashi 30, wato farin dutsen nan maras nauyi mai buɗe wa iska hanya. Ruwan taki yana zuwa ta ɗan bakin ɗigo mai ba da lita 2 a awa, sau da yawa a yini, ko ma a zuba da hannu in tukwanen ba su da yawa. Zaren yana riƙe laima, don haka in inji ya tsaya akwai rabin yini ko yini guda kafin shuka ta galabaita, saiwa kuma tana da abin kamawa.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Ɗanyen zaren kwakwa yana ɗauke da gishirin sodiyam da fotasiyam, kuma yana ƙwace kalsiyam da magniziyam daga ruwan taki ya riƙe. In ba wanda aka riga aka wanke aka gyara aka saya ba, a wanke shi sosai, a jiƙa shi dare guda a ruwan kalsiyam naitiret kafin a shuka. Na biyu, duk shayarwa a bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan ya fita ta ƙasan tukunya, a zubar. Wannan rarar ce ke wanke gishirin da ke taruwa. Mai tsimin ruwa da ya hana ta fita zai ga shukarsa tana yaushi da rana ko da zaren a jiƙe yake, don gishiri ya yi yawa saiwa ta kasa jan ruwa. Bakunan ɗigo sukan toshe, a riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma saman zare mai zama a jiƙe yana jawo ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu yin ƙwai a ciki.

Abin da ke cikin ruwan

Ko wane tsari aka ɗauka, takin ƙasa na yau da kullum ba zai yi ba, domin an yi shi ne bisa zaton ƙasa za ta cike sauran sinadarai. Ana buƙatar cikakken taki mai narkewa tas. Wani haɗi da ya yaɗu shi ne, a kowace lita 10 ta ruwa, giram 6 na taki mai lamba 4-18-38, giram 3 na gishirin Epsom, wato magniziyam salfet, da giram 6 na kalsiyam naitiret. A narkar da kowanne shi kaɗai, a zuba cikin cikakken ruwan ɗaya bayan ɗaya, kalsiyam a ƙarshe. In aka haɗa su da kauri a kofi ɗaya, kalsiyam zai haɗu da salfet da fosfet ya zama farin gari ya kwanta a ƙasa, shuka ba za ta iya cin sa ba. Dalilin ke nan da ya sa takin ruwa ke zuwa a kwalba biyu.

Na'ura biyu ba makawa sai da su. Ta pH tana nuna tsami, kuma tsakanin 5.5 da 6.5 ake riƙe shi. In lambar pH ta haura 6.5, wato tsamin ya ragu, sinadarin ƙarfe yakan daina samuwa, sai sabbin ganyen sama su yi rawaya jijiyoyinsu na kore. Mai gani ya zaci taki ne ya yi kaɗan ya ƙara, alhali tsamin ne ya kauce. Da asid na fosforik ake saukar da pH ɗin, ɗigo-ɗigo. Ruwan lemon tsami ko binega suna saukarwa, amma ƙwayoyin cikin ruwa suna cinye su, kwana ɗaya ko biyu ya koma inda yake. Ta EC kuma tana auna kaurin taki: latas 1.2 zuwa 1.8, ɗoɗɗoya da na'a-na'a kusa da haka, tumatir mai 'ya'ya 2 zuwa 3.5, ƙananan tsirrai rabin na manya. In ruwa yana raguwa EC yana hawa, shukar ƙishirwa take ji, a ƙara ruwa zalla. In EC yana sauka, yunwa ce. Na'urar pH takan kauce da kanta, a riƙa daidaita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7 aƙalla sau ɗaya a wata, kada kuma bakinta ya bushe. Duk inda haske ya taɓa ruwan taki gansakuka za ta fito, ta ci taki, ta sha oksijin da dare, ta kaɗa pH sama da ƙasa.

Fitila

Lumen, ma'aunin hasken da ake rubutawa a kwalin kwan fitila, ma'auni ne na idon mutum. Shuka ƙwayoyin haske take ƙirgawa, waɗanda tsawon zangonsu ke tsakanin nanomita 400 da 700. Yawan waɗanda ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya shi ne PPFD, ana faɗinsa da maikuromol. Jimillar abin da ya sauka a yini kuma shi ne DLI, kuma shi ne abincin shukar na ranar. Lissafin ba wuya: PPFD sau awoyin haske sau 0.0036. Latas da yawancin ganyaye suna son DLI 12 zuwa 17. Maikuromol 250 na awa 16 yana ba da 14.4, ya isa. Tumatir da tattasai suna son 20 zuwa 30, wato kusan maikuromol 450 na awa 16.

Da wannan lissafi ne ake auna fitilu uku da ke kasuwa, ta hanyar duba maikuromol nawa kowacce ke bayarwa a kan jul ɗaya na wuta, wato abin da wat ɗaya ke ci a daƙiƙa ɗaya. Dogon kwan fulorasan yana kusa da 1 ko ƙasa da haka. Fitilar sodiyam mai ruwan lemo, HPS, tana tsakanin 1 da 1.7 gwargwadon nau'inta. LED mai kyau tana ba da 2.5 zuwa 3. Ma'ana, don haska murabba'in mita ɗaya na latas da maikuromol 250, LED mai 2.5 tana buƙatar wat 100 a takarda, a ce 120 zuwa 130 saboda hasken da ke zubewa gefe. Fulorasan zai ci fiye da ninki biyu. Kuma kusan duk wat ɗin da ya shiga ɗaki zafi yake komawa, zafin nan kuma shi ne zai dumama ruwan da muka ce a riƙe shi ƙasa da digiri 22. Ta nan zaɓen fitila ke komawa ya shafi saiwa.

HPS tana da ƙarfi, ta daɗe tana aiki a manyan gidajen gilashi, amma tana son rufi mai tsawo da iska mai fita, don kusantar ganye ƙona shi take yi. A ƙaramin ɗaki wahalarta ta fi amfaninta. Fulorasan, wanda ya riga yana da shi ya yi renon tsiro da shi, a santimita 10 zuwa 15 daga ganye. Sayen sabo ba riba. Saura LED, kuma a cikinta ne ake yawan cin kasuwar mutane. Araha ba ta ado: lambar da aka rubuta a kwali, 600 ko 1000, sau da yawa suna ne kawai, ainihin abin da fitilar ke ja daga soket yana iya zama ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na hakan. A nemi ainihin wat ɗin da take ja, da yawan maikuromol a jul, da taswirar PPFD mai nuna nisa da faɗin wurin da aka auna. Mai sayarwar da bai ba da waɗannan ba, a wuce shi.

Tsakanin mai launin shunayya, wato ja da shuɗi, da fara, fara ta fi dacewa da ɗaki. Duka biyun suna girmar da shuka, amma a ƙarƙashin shunayya ba ka iya ganin rawayar ganye ko darɓa ko farin ƙuda sai abu ya yi nisa. Siffar fitilar ma tana da muhimmanci. Ga kanta mai hawa-hawa, dogayen sanduna da aka jera a santimita 20 zuwa 30 sama da ganye suna raba haske daidai. Faifai guda mai ƙarfi yana tara haske a tsakiya, na gefe su rame suna karkatowa. Ya fi dacewa da dogayen shuke-shuke, a rataye shi santimita 40 zuwa 60, zai fi kyau in yana da maɓallin rage ƙarfi. Farin bango ko zane mai ƙyalli a kewaye yana maido da hasken da zai ɓata. Wanda ba shi da na'urar PPFD yana iya ƙiyasi da ma'aunin luks, mai auna haske yadda ido ke ganinsa, ga farar LED kaɗai: luks sau 0.015, wato luks 17,000 kusan maikuromol 250 ne.

Shuka tana faɗin halin da take ciki. Dogon kara siriri, da tazara mai yawa tsakanin ganye da ganye, da koɗaɗɗen launi, haske ya yi kaɗan. Ganyen sama ya yi fari-fari ko gefensa ya nannaɗe sama, fitila ta yi kusa. A sa agogon kunnawa, awa 14 zuwa 16, a bar dare ya zama dare. Tumatir musamman ba ya jure haske na awa 24, ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya.

Akwai wata cuta da ke zuwa daidai lokacin da komai ke tafiya daidai. Latas yana girma da sauri, sai gefen ƙananan ganyen tsakiya ya yi baƙi kamar an ƙona. Ƙarancin kalsiyam ne, amma ba a cikin tanki ba. Kalsiyam yana tafiya ne da ruwan da ganye ke fitarwa, ganyen tsakiya kuwa a lulluɓe suke, iska ba ta ratsa su, ba sa fitar da ruwa. Ƙara taki ba ya magani. Maganin shi ne ƙaramar fanka mai hura iska a hankali daga sama zuwa cikin kan latas ɗin, da riƙe DLI kada ya wuce 17. Zafin ɗaki ma in ya zarce digiri 25 ya daɗe, latas yakan miƙe ya nemi yin fure, ganyen ya yi ɗaci.

To wanne za a ɗauka?

Mai son latas, ɗoɗɗoya, na'a-na'a da makamantansu don gida, ya ɗauki Kratky da sandunan farar LED, kuɗin da zai kashe a inji ya ƙara a kan fitila da na'urar pH. In ɗakinsa yana da sanyi, wutarsa ba ta yankewa, yana kuma son saurin girma ko ganyen da ake yanka ya sake tohowa na watanni, ya ƙara injin iska ya koma DWC, robar ma ba sai ya sauya ba. NFT na wanda ya riga ya ƙware ne, yana dashe duk mako, yana da wutar ko-ta-kwana. Mai son 'ya'ya ya tafi ga zaren kwakwa, musamman in ba zai iya riƙe ruwa da sanyi ba.

Amma mai son tumatir ya yi lissafin wuta tukuna. Murabba'in mita ɗaya na latas yana cin kusan kilowat-awa 2 a yini, ya ba da kai 16 zuwa 25 duk bayan mako biyar. Wannan fili ɗaya in tumatir ne yana buƙatar wat 220 ko kusa, kilowat-awa 3.5 a yini, kuma sai an yi wata biyu ko fiye bayan dashe kafin na farko ya nuna. In an amince da haka, a zaɓi iri gajere mai ƙananan 'ya'ya, don hasken fitila ba ya ratsawa ƙasa kamar rana, dogon iri ganyensa na ƙasa a duhu zai ƙare. Kada a bar zare ya bushe sannan a malale shi, wannan hawa da sauka ne ke kawo baƙin tabo a gindin 'ya'yan. Kuma tun da babu iska babu ƙudan zuma a ɗaki, furen ba zai ɗaure da kansa yadda ya kamata ba. Duk bayan kwana biyu, 'yan awoyi da kunna fitila, a girgiza reshen furen da yatsa, ko a taɓa bayansa da buroshin haƙori mai batir na daƙiƙa biyu zuwa uku, har a ga ɗan garin rawaya ya tashi.